Gudu Kaɗai Ba Ya Kai Ɗan Zari-Ruga Gaci

A watan Afrilun 2008, kulob ɗin Castleford da ke arewacin Ingila ya buɗe wa Dwain Chambers ƙofa ya zo gwaji na wata guda. Chambers ba ƙaramin ɗan tsere ba ne. Ya taɓa cinye mita 100 cikin daƙiƙa 9.97, kuma makonni kaɗan kafin zuwansa ya ɗauki azurfa a tseren mita 60 na gasar duniya da aka yi a Sifaniya. Da za a jera 'yan zari-rugan Ingila kaf a miƙaƙƙen fili a ce a tashi, ƙurarsa kawai za su sha. Aka ba shi riga, aka sa shi wasa ɗaya tare da 'yan ajiye na kulob ɗin a karawa da York. Ya yi bakin ƙoƙarinsa, ya sha kaye, ya fito da ciwo a kafaɗa. Da watan ya cika, kulob ya gode masa, aka yi sallama.

Babu wanda zai ga laifin Chambers. Mutum ne ɗan shekara 30 da bai tashi cikin wasan ba, kuma abin da wasu suka koya tun suna yara ba ya shiga jiki cikin wata guda. Amma labarinsa ya taɓo muhawarar da masu kallon wannan wasa suka daɗe suna yi a Ingila da Ostareliya: shin idan Allah Ya ba yaro ƙafa, ya gama samun abin da ake nema? Ni dai ra'ayina a fili yake. Gudu babbar baiwa ce, amma a cikin minti 80 na wasa, 'yan daƙiƙoƙi ne rabonsa. Sauran lokacin duk na wasu abubuwa ne, kuma su ne ke yanke hukuncin ko ɗan wasa zai yi shekara goma sha biyar a fili ko zai ɓace bayan kaka biyu.

Sai an san yadda wasan yake kafin maganar ta zauna. Zari-ruga iri biyu ne. Akwai na 'yan wasa 15, wanda aka fi gani a talabijin lokacin gasar cin kofin duniya, akwai kuma na 'yan wasa 13, wanda ake kira na Lig, shi ne muke magana a kai. Rabuwar ta faru ne ranar 29 ga Agusta, 1895, a wani otal a garin Huddersfield, inda kulob-kulob 22 na arewacin Ingila suka ɓalle. Dalilin kuwa kuɗin cefane ne. 'Yan wasansu ma'aikatan haƙar kwal ne da na masaƙu, idan suka bar aiki ranar Asabar don wasa sai a yanke musu lada, hukumar da ke Landan kuma ta hana a biya su abin da suka rasa. Wasan da waɗannan mutane suka gina ya ɗauko halinsu: aiki ne mai maimaituwa, mai cin jiki, wanda kowa ke ganin wanda ya sauke nasa kason da wanda ya noƙe.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Ba a jefa ƙwallo gaba, sai gefe ko baya. Ƙungiyar da ke riƙe da ita tana da damar kaye shida. Duk sanda aka kayar da mai ƙwallo, sai ya miƙe ya tura ta baya da ƙafa ga abokinsa, masu tsaro kuma dole su ja da baya mita 10 su sake yin sahu kafin su taso. In an kai kaye na shida ba a ci ba, ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya, shi ya sa ake buga ta nesa kafin a kai nan. Wanda ya dire ta a bayan layin ƙarshe ya samo wa ƙungiyarsa maki 4.

To, ka dubi abin da wannan yake nufi ga jikin mutum. Ka taso da gudu ka yi karo da ƙato mai kilo 110, ku faɗi tare, ka danne shi na ɗan lokaci, ka tashi, ka koma baya mita 10 fuskarka na kallon ƙwallo, ka sake tasowa. Sau shida a jere, sannan ƙungiyarku ta karɓa, kai kuma a fara kayar da kai. Kamar a ce ɗan kokawa ne ya gama kaye, tun bai kakkaɓe ƙasar jikinsa ba a turo masa wani, a yi ta haka har magariba. Masu wasa a tsakiya sukan yi kamu 30 zuwa 40 a wasa guda, wasu har su haura. Canji takwas kacal aka yarda wa kowace ƙungiya a gasar NRL ta Ostareliya, kuma 'yan baya da 'yan gefe galibi su ke cinye minti 80 ɗin ba hutu. Tun 2020 ma aka ƙara wa wasan wuta, aka ce wasu laifuffuka ba sai an tsayar da wasa ba, alƙali zai sake ƙirga shida ne kawai a ci gaba. Saboda haka tambayar da koci ke yi ita ce, nawa ne ya rage a ƙafar yaron nan a minti na 70, bayan ƙirjinsa ya cika kuma cinyoyinsa sun yi nauyi? Agogon da aka auna shi da shi da safe, yana sabo fil, ba ya amsa wannan.

Akwai wani kamu guda da har yau ake nuna wa yara a Ostareliya. Wasan ƙarshe ne na gasar NRL na 2003 a birnin Sidni, Penrith da Sydney Roosters, dare ne mai ruwan sama, fili ya jiƙe, maki na 6 da 6 a zagaye na biyu. Penrith suka buga ƙwallo ta bugi mutum ta dawo, kyaftin ɗin Roosters Brad Fittler ya tsince ta ya miƙa wa ɗan gefensa Todd Byrne. Byrne ya ɗauki hanya ta bakin layi, gabansa fayau, babu kowa. Mutum ɗaya ne ya ga abin tun kafin ya faru: Scott Sattler, ɗan gaba mai shekara 31, wanda a tseren gaskiya ba sa'an Byrne ba ne. Tun Byrne bai karɓi ƙwallon ba Sattler ya riga ya juya. Bai bi bayansa ba, domin ya san ba zai cim masa ta nan ba. Sai ya yanko fili a karkace, ya nufi inda Byrne zai iso, ya zube a ƙafafunsa ya rungume su, su biyun suka zame a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa har wajen layi. Penrith suka ci wasan 18 da 6.

Me ya kama Byrne a daren nan? Ido ne da lissafi, da kuma zuciyar da ta sa mutumin da ya riga ya gaji ya fara gudun da wataƙila ba za a buƙace shi ba. Wannan na ƙarshe shi ne masu horarwa suka fi daraja, domin sau tara cikin goma irin wannan gudu a banza yake ƙarewa, kyamara ma ba ta nuna shi. Sai ranar ta goma ake gane wanda ya saba yi.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujja, kuma hujjar tana da suna: Martin Offiah. An haife shi a Landan a 1965, iyayensa 'yan Najeriya ne, kuma a tarihin wasan a Ingila da wuya a ambaci gudu ba a ambace shi ba. Widnes ta ɗauko shi a 1987, ya ci sau 42 a kakarsa ta farko. A 1992 Wigan ta saye shi kan fam 440,000, kuɗin da ba a taɓa biya kan ɗan wasan Lig ba a lokacin. A shekarar ya ci Leeds sau 10 a wasa ɗaya. Ya rataye takalmi da ci 501. Cin da aka fi tunawa da shi kuwa shi ne na wasan ƙarshe na kofin Challenge a filin Wembley a 1994: ya karɓi ƙwallo dab da layin gidansu, ya ratsa masu tsaron Leeds, ya fito fili, sauran mutum ɗaya a gabansa, Alan Tait, ya kewaye shi ta waje ya dire a kusurwa, sannan ya durƙusa ya dafe kai. Da wannan durƙuson aka sassaƙa shi a mutum-mutumin da ke harabar Wembley yanzu. Duk wanda ya kalli wannan gudu zai ce, ai magana ta ƙare, ƙafa ce.

Na yarda cewa ba don ƙafar ba da babu wannan ci. Na kuma yarda da abin da masu farautar 'yan wasa ke yawan faɗa, cewa ana iya koya wa yaro kamu da riƙon ƙwallo, amma ba a koya masa gudun da ba a haife shi da shi ba. Sai dai a sake kallon hoton a hankali. Kafin Offiah ya samu filin da zai buɗe ƙafa, sai da ya hango gurbi a sahun Leeds ya kutsa ta ciki, inda ƙarti suke. Da ya zo kan Tait kuma, sai da ya ɗan karkato ciki ya tsayar da shi kafin ya fice ta waje. Sannan ci 501 ba a tara su daga gudun mita 90. Mafi yawansu sun zo ne daga sanin inda ƙwallo za ta ɓullo. Offiah ba ya tsayawa a gefe yana jiran a kawo masa, yakan baro gefensa ya bi bayan duk wanda ya fasa sahu, ya bayyana a kafaɗarsa daidai lokacin da ake neman wanda za a miƙa wa. Abokin wasansa a Wigan, Shaun Edwards, wanda ba a lissafa shi cikin 'yan tsere irin Offiah, shi ma ya ci sau 10 a wasa ɗaya a wannan shekara ta 1992, a karawa da Swinton, da wannan dabarar ta bin baya. Masu gudu da yawa sun shigo wasan kafin Offiah da bayansa, kaɗan ne ake tuna sunansu.

Aikin ɗan gefe ma ya canza. A yau shi ne ke tsayawa ƙarƙashin ƙwallon da aka cilla sama, idonsa a sama, yana jin takun mutum uku na tahowa su haɗa shi da ƙasa. In ta kuɓuce masa sau biyu, duk ƙungiyoyin gasar sun gano shi, kowane mako a kansa za a yi ta saukar da ita. Shi ne kuma ke ɗaukar ƙwallo a kaye na farko da na biyu daga bakin gidansu, inda babu fili sai bangon mutane, don 'yan gaba su samu su numfasa. Brian To'o na Penrith ya yi suna ne da wannan aiki mai ɗaci, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki kofi sau huɗu a jere daga 2021 zuwa 2024. A tsaro kuwa, ɗan gefe yana da rabin daƙiƙa ya yanke shawara: ya shigo ciki ya tare, ko ya tsaya kan mutuminsa. In ya yi kuskure, saurinsa ba abin da zai ƙara masa illa ya kai shi wurin da bai dace ba da wuri. Sauri ya haifi nawa ke nan.

In aka koma ga waɗanda ke juya wasan, maganar ta fi fitowa. Cameron Smith na Melbourne Storm ya buga wasa 430 a NRL, babu wanda ya kai shi. Saboda ƙirar jikinsa har laƙabin akanta aka yi masa, don ya fi kama da ma'aikacin ofis. Ba shi da gudu, ba shi da ƙwanji. Abin da yake da shi shi ne ya san wane mai tsaro ne ya makara wajen tashi, wane ne ya fara haki, yaushe za a hanzarta wasa, yaushe za a lafa. Johnathan Thurston kuwa kulob-kulob sun yi ta wuce shi yana matashi wai ya yi ƙanƙanta, ya zo ya zama gwarzon gasar har sau huɗu. Misalin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Cooper Cronk. A wasan ƙarshe na 2018 ya shiga fili wa Roosters da karyayyen allon kafaɗa, hannu ɗaya kusan a rataye. Da ƙyar ya taɓa ƙwallo. Ya tsaya a bayan sahu yana nuni, yana kira, yana tura kowa gurbinsa, suka doke Melbourne 21 da 6. Koci ya gwammace ya sa kan Cronk a fili ko da babu sauran jikinsa.

A nan dole in tsaya in faɗi wani abu da ke damuna. Wannan wasa yana da al'adar yabon wanda ya ci gaba da wasa da rauni. Har yau ana ba da labarin John Sattler, mahaifin Scott ɗin nan, da ya ƙarasa wasan ƙarshe na 1970 da karyayyen muƙamuƙi, da Sam Burgess da ƙashin kuncinsa ya fashe a karon farko na wasan ƙarshe na 2014 amma ya cinye minti 80. Jarumta ce, ban musa ba. Amma idan na ce ɗan wasa na buƙatar juriya, ba ina nufin a bar yaron da ya bugu a ka ya koma fili ba. Dokar da ke tilasta fitar da wanda ya bugu a ka don likita ya duba shi tana cikin mafi alherin abin da ya sami wasan, kuma duk kocin da ke ganinta a matsayin cikas bai cancanci a ba shi 'ya'yan mutane ba. Juriyar da nake nufi ita ce ta tashi a koma sahu a karo na talatin, ta cin abinci da barci yadda ya kamata, ta zama gaban bidiyo ana nazarin abokin karawa alhali abokai na can suna yawo.

Wasan da ya tattara wannan muhawara wuri guda shi ne na ƙarshe na 2023, Penrith da Brisbane Broncos. Brisbane matasa ne masu ƙafa. Bayan hutun rabin lokaci, ɗan wasansu Ezra Mam ya ci sau uku cikin kusan minti goma, duk da gudu da zilliya, na ukun ma bayan Reece Walsh ya tsaga sahu ya miƙa masa. Maki ya zama 24 da 8. Duk mai cewa gudu ne sarki, a wannan lokacin ya samu shaidarsa. Sai Nathan Cleary, mai lamba 7 na Penrith, ya karɓi ragama, abokin aikinsa Jarome Luai ma ya riga ya fita da ciwon kafaɗa. Ya ga gurbi ya kutsa ya miƙa wa Moses Leota ya ci. Ya buga wata ƙwallo daga cikin mita 40 na gidansu ta faɗi ta fita a cikin mita 20 na Brisbane, bugun da ke mayar wa ƙungiya da ƙwallo a bakin gidan abokan hamayya. Ya ba Stephen Crichton ya ci. Penrith suka yi ta mayar da Brisbane bakin layinsu suna sa su kamu a kan kamu har ƙafafun nan masu gudu suka yi sanyi. Saura 'yan mintuna a tashi, Cleary ya yanko ciki da kansa ya ratsa mutanen da suka gaji ya dire kusa da turaku. Aka tashi 26 da 24. Ba a taɓa farfaɗowa daga rata mai yawan haka a wasan ƙarshe na gasar ba.

Abin da ya biyo baya ya fi daɗi. Shekara biyu bayan nan, a 2025, Brisbane suka dawo wasan ƙarshe suka doke Melbourne 26 da 22, Reece Walsh kuma ya zama gwarzon wasan. Gudunsa na nan yadda yake, ya ci, ya kuma buɗe wa wasu hanya. Amma abin da ya riƙe wa Brisbane kofin a mintunan ƙarshe shi ne kamun da ya yi ta yi a matsayinsa na mutum na ƙarshe, yana tare waɗanda suka riga suka fasa sahu. Yaron da aka sani da ƙafa ya ƙara wa kansa sanin wurin tsayuwa da shirin sa kafaɗa, sai ga shi da kofi a hannu. Haka wani tsohon ɗan baya, Billy Slater, ya yi a zamaninsa: ya shigo a matsayin ɗan gudu, ya fita a matsayin wanda ke tsara tsaron ƙungiya gaba ɗaya daga baya da murya.

Wannan magana ta shafe mu ta wani gefe. Zari-ruga na Lig ya fara kafa ƙafa a Afirka ta Yamma, har Najeriya ta karɓi baƙuncin gasar ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019 ta kuma lashe ta, Ghana da Kamaru na cikin mahalarta. Duk inda wasa yake sabo, jarabar da ke kama masu zaɓen yara ɗaya ce: a je filin makaranta, a jera su, a busa usur, a kwashi biyar na farko. Hanya ce mai sauƙi, kuma za ta samo 'yan gefe. Amma da ita aka bi, da ba a ɗauki Cameron Smith ba, da Thurston ya koma gida.

Ina kira ga masu horar da yaranmu, a Legas ne ko Akara ko duk inda aka fara, su ajiye agogo na ɗan lokaci su sa yaran wasa na gaske. Su lura da wanda ke fara tashi bayan an kayar da shi, da wanda ke magana da na kusa da shi a sahu, da wanda ke bin bayan mai ƙwallo ko da an hana shi sau biyar, da wanda ke juyawa ya bi abokin hamayyar da kowa ya sallama. Mai gudun kuma a riƙe shi da kyau, kada a bar shi a gefe yana jiran ƙwallo ana yi masa kirari. A sa shi ya koyi kamu da kafaɗa biyu, a yi ta cilla masa ƙwallo sama har hannunsa ya daina rawa, tun yana ɗan shekara goma sha biyu.